Digiri Na Biyu A Ilmin Kwamfuta: Hanyar Tun Daga Sakandare Take Farawa

Ranar Asabar wata maƙwabciyata ta shigo mini da tambaya. Tana da babbar difloma a ilmin kwamfuta, ta yi aure ta haifi biyu, yanzu kuma a wurin aikinta an fifita masu digiri na biyu a kanta. Ta ce mini, "Malama, shin ƙofa ta rufe mini ke nan?" Na ce mata a'a. To, amsar da na ba ta ita na ga ya kamata in kawo muku, domin na san ba ita kaɗai ba ce.

Bari in fara da ke 'yar makaranta, gama da sanyin safiya ake kama fara. Ranar da aka raba ku aji-aji a babbar sakandare, kika guji ajin kimiyya don ƙawayenki sun guje shi, ranar kika fara nesanta kanki da wannan digiri. Jami'a tana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, cikinsu lalle da Turanci da Lissafi da Fiziks. Waɗannan ukun kuma za ki sake tarar da su a jarrabawar JAMB. A ajina na sha ganin yarinya mai kaifin basira ta saki Lissafi don kawai an ce mata na maza ne. Wata Ba'amurkiya, Grace Hopper, Lissafi ta karanta, ta sami digirinta na biyu a Jami'ar Yale cikin 1930, kuma a kan aikinta aka gina COBOL a 1959, watau harshen kwamfuta wanda har yanzu bankuna da yawa ke aiki da shi.

Bayan sakandare sai digirin farko, shekara huɗu. A nan ma kada ki yi sake, domin yawancin jami'o'inmu ba su ɗaukar mutum digiri na biyu sai ya fita da aƙalla ƙaramar daraja ta biyu, wadda ɗalibai ke kira "tu-tu". Za a nemi takardar hidimar ƙasa, da cikakken sakamakonki wanda tsohuwar jami'arki za ta aika, da wasiƙun shaida daga malamai. Wadda ta haura shekara 30 kafin ta gama digiri, takardar yafewa ake ba ta maimakon hidimar. Matar aure kuwa tana iya neman a bar ta ta yi hidimarta a jihar da maigidanta yake.

To, ke kuma uwargida mai babbar difloma, ko wadda ta fita da daraja ta uku, ko wadda ta karanta wani fanni na kimiyya dabam, akwai gada da aka yi dominki. Ita ce diflomar bayan digiri, wadda aka fi sani da PGD, galibi shekara guda. In kin ci ta da kyau sai ki nemi digiri na biyu.

Shi kansa digirin iri biyu ne. Akwai na bincike, watau M.Sc., wanda ake fara shi da darussa kan rumbun adana bayanai, da haɗa kwamfutoci, da tsaron intanet, da ƙirƙirarriyar basira, sa'an nan ki rubuta kundin bincike ƙarƙashin wani malami, ki kare shi gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Wannan shi ne na mai son koyarwa a jami'a ko zarcewa digiri na uku. Akwai kuma na ma'aikata, wanda darussa suka fi yawa a cikinsa, binciken kuwa ɗan kaɗan. Ki tambaya tun kafin ki sayi fom, domin na ma'aikata ba kullum yake kai mutum digiri na uku ba.

Mai karatu cikakken lokaci, a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko wani wuri, takan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu in ba a sami yajin aiki ba. Mai zuwa ƙarshen mako takan kai uku. Wadda kuma ba ta iya barin gida, akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, mai cibiyoyi a manyan biranen jihohi, kuma tana ba da digiri na biyu a fasahar sadarwar zamani. Amma fa in gaya miki gaskiya, sai kin mallaki kwamfuta taki, da kuɗin data, da wanda zai riƙe miki yara lokacin jarrabawa.

Saboda haka ki zauna da maigida tun da wuri, ku lissafa kuɗin makaranta da lokacin da za a ci, ku daidaita. Karatun da aka fara da yardarsa ya fi saurin kai wa gaci. Ku kuma iyaye mata, in 'yarku ta zauna da littafin Lissafi da dare, ku ɗage mata wanke-wanken zuwa safiya.

Maƙwabciyar tawa dai ta ce ranar Litinin za ta je neman sakamakonta. Allah Ya ba ta sa'a, Ya ba mu baki ɗaya, amin.