Lasifika biyar da wufa ɗaya: abubuwan mamaki daga falon manomi

Kaka ta yi, an sussuke masara, an kai auduga sikeli, kuɗi ya shigo hannu. A ƙasar Funtua da Malumfashi lokacin ne ake aurar da 'ya'ya, a sabunta kwanon rufi, wani kuma ya ɗauro kwalin hom tiyata a bayan babur. Falo nawa na shiga, abu ɗaya nake tararwa: an jera lasifikokin nan biyar reras a gindin talabijin, kamar kwanukan jeren amarya, an aza wa kowace furen roba. Sun yi kyau a ido, kunne ne dai aka ƙwara.

Mu fara da lambar da ke jikin kwalin, 5.1. Biyar ɗin lasifikoki ne: hagu, dama, tsakiya, da biyu na baya. Ɗigo ɗayan kuwa wufa ce, akwatin nan mai gurnani. Ba a ba ta cikakkiyar lamba ba don guntun aiki take yi, ƙasan sauti kaɗai take ɗauka, daga karkarwa 20 zuwa kamar 120 a daƙiƙa, alhali kunnen yaro mai lafiya yana kaiwa har 20,000.

Ƙorafin ɗan kallo ne mafarin abin. A 1931 wani injiniya a Ingila, Alan Blumlein, ya je sinima da wadda daga baya ta zama matarsa, ya ga ɗan wasa a wannan gefe, muryarsa kuma tana fitowa daga wancan. Abin ya tsaya masa a rai. Kafin shekarar ta fita ya shigar da takardar rajistar dabarar raba sauti hagu da dama, wadda muke kira sitiriyo. Bai ga inda abin ya kai ba, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1942, yana da shekara 38. Kamfanin Disney ya gwada kewaye 'yan kallo da sauti a fim ɗin Fantasia a 1940, amma tsadar kayan ta sa gidajen sinima kaɗan ne suka iya. Tsarin 5.1 na Dolby Digital sai 1992 ya shiga sinima da Batman Returns.

Ina ake ajiye lasifikokin? Agogon bango ya ishe ka malami. Ɗauka kujerarka ce tsakiyar agogo, talabijin yana ƙarfe 12. Lasifikar tsakiya nan take zama, ita ke ɗauke da maganar 'yan wasa. Ta hagu ƙarfe 11, ta dama ƙarfe 1. Na bayan nan biyu wajen ƙarfe 8 da ƙarfe 4, daidai kunnen wanda ke zaune ko sama da shi kaɗan. Ba ƙeya ake sa su ba, gefe ne da ɗan baya. Da wannan lissafi masu haɗa sautin fim ke aiki, digiri 30 a gaba, kamar 110 a baya.

Kunnuwa biyu da aka ba mu ma'auni ne. Sautin da ya taso daga dama yana riga isa kunnen dama, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma da wannan ɗan ƙiris ƙwaƙwalwa ke gane inda akuya ke kuka. Farar mujiyar nan da yara ke jifa ta fi mu: kunnenta ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo a kai, shi ya sa take cafke ɓera a duhu da ji kawai.

Kunne kuma ɗan son kai ne, wanda ya fara sallama shi yake amsa wa. Wani Bajamushe, Helmut Haas, ya yi bincike a kan haka wajen 1950: in sauti iri ɗaya ya fito daga wuri biyu, wanda ya riga isowa shi kunne ke ba gaskiya. Don haka baƙon da ka zaunar a jikin lasifikar baya zai rantse duk fim ɗin a kafaɗarsa ake yi. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, a zafin Afrilu kuma ya ƙara sauri har wajen 355. Na'urori masu ɗan tsada suna tambayar nisan kowace lasifika daga kujera don su jinkirta ta kusa. Ka ari awon tela ka auna, kada ka yi kirdado.

Wufa ita ce 'yar gata, kusan duk inda ka sa ta kunne ba ya gane daga ina gurnanin ke zuwa. Amma tana da hali. Igiyar sauti mai karkarwa 50 tsawonta ya kusa mita bakwai, ta fi falon yawancinmu tsawo, sai ta bugi bango ta dawo ta gamu da 'yar'uwarta. A wani wurin su haɗu su yi ƙarfi har kofin shayi ya yi rawa a tebur, taku biyu gaba kuma su kashe juna ka ji wayam. In ka cusa ta a kusurwa, ƙarfinta ya ƙaru. Kuma gurnanin nan ba ruwansa da katanga, shi ya sa maƙwabci ba ya jin waƙar, sai dum-dum kaɗai, ga shi yana son ya yi barci ya yi sammakon gona.

Akwai dabarar da masana ke yi, kuma sai an kulle ƙofa. Ka ɗora wufa a kan kujerar da kake zama, ka kunna kiɗa, ka bi gindin bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji gurnanin ya zauna daidai, nan ne mazauninta. In uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya dai?", ka ce allura ta faɗi.

Wanda ya fara auna amsa-kuwwar ɗaki da matasan kujera ya yi. A 1895 jami'ar Harvard ta Amurka ta ba wani matashin malami, Wallace Sabine, aikin gyara ɗakin lacca da ba a fahimtar magana a cikinsa, kalma kan yi fiye da daƙiƙa biyar tana yawo. Shi da mataimakansa suka riƙa kwaso matasai daga wani ɗakin taro cikin dare, su shimfiɗa, su auna da agogo, su mayar kafin gari ya waye. Daga wannan wahala ilimin sautin gini ya samo asali.

A nan ne nake ganin mun yi baya muna zaton gaba muka yi. Ɗakin ƙasa na kakanninmu, mai kaurin bango da rufin azara da tabarma a ƙasa, yana shanye amsa-kuwwa, murya ta fita tas. Falon zamani kuwa tayil ne a ƙasa, siminti mai santsi a bango, gilashi a taga, duk masu mayar da sauti. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyarsa, in ka ji ƙara ta biyo baya, to kuɗin da za ka ƙara a lasifika gara ka kai wa mai kafet da mai labule. Wanda ya taɓa magana a sito cike da buhunan auduga ya san yadda take haɗiye murya. Mu da ke noma ta, maganin yana bayan gida.

Kada lambar kwali ta ruɗe ka. Dubban wat ɗin nan da ake bugawa da manyan baƙaƙe kusa da PMPO ado ne na talla, wanda ke kusa da RMS shi ne abin dubawa. Kuma ninka wat biyu ba ya ninka ƙara biyu a kunne, sai ka ninka shi kusan goma.

Waya biyu ce ke shiga kowace lasifika, ja da baƙa. Juya su a guda ɗaya, sai ita ta riƙa turawa lokacin da 'yar'uwarta ke ja, gurnani ya tsere, murya ta rasa mazauni. Kafin ka ɗauki kaya zuwa wurin mai gyara, leƙa baya.

Wani abin da mai shago ba zai faɗa maka ba: yawancin fina-finan da ake tura mana a waya ko memori, na Kano ne ko fassarar Indiya, hanya biyu kawai sautinsu ke da ita. Lasifikokin baya ko su yi shiru, ko na'ura ta ƙago musu abin faɗa.

Funtua kuwa ta san sauti mai kewaye tun ba a kawo kwali ba. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa da ya yi zamansa a garin, ya rasu a 1999, duk wanda ya tsaya a filinsa ya ji tsarin: murya a tsakiya, kalangai a gefe suna hawa da sauka da matsin hammata, amshi na biyowa, jama'a ta rufe da'ira. Masallatai ma sun daɗe da warware nasu lissafin da mai jiyarwa a bayan liman, kafin lasifika ta hau hasumiya. Masallacin Sultan na Singafo yana cikin na farko da suka ɗora ta, a 1936.

Abokan gaba biyu ne babu su a takardar bayanin da ke cikin kwali. Na farko ruwan Agusta a kan kwanon da ba sili, wanda ke cinye lasifika biyar da wufarsu. Na biyu yana shigowa ne tare da hatsi. Wani aminina a wajen Bakori ya bi agogon nan daki-daki, ya ja waya ta ƙarƙashin kafet har bayan kujera, ya sha kallo mako biyu. Ran nan lasifikar ƙarfe 8 ta yi shiru. Ya ɗaga kafet, ya tarar ɓera ya yi kalaci da taƙi guda na wayar.