Agogon Sudan da Foldar da Ta Ƙi Buɗuwa

A ofisoshin Gadarif da ke Sudan, musamman lokacin kakar riɗi da dawa da lissafin buhuna ke yi wa ma'aikata yawa, ƙorafin da mai kula da kwamfutoci ya fi ji shi ne: "Foldar nan ta ƙi buɗuwa, jiya kuwa lafiya lau." Nan da nan sai hankali ya tafi kan izini, a shiga ƙara wa mutum dama barkatai. A ganina gaggawa ce. Fara duba agogo tukuna.

Ga dalili. A ofishin da kwamfutoci ke ƙarƙashin uwar garke guda, tsarin Kerberos ne ke tantance kowa, kuma bisa ƙa'idarsa ba ya yarda agogon kwamfuta da na uwar garke su saɓa fiye da minti 5. Ba ya kallon lokacin da ke ƙasan allo, lokacin duniya na UTC yake bi. To, ranar 1 ga Nuwamban 2017 Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, daga UTC+3 zuwa UTC+2. Tsohuwar Windows da ba a sabunta ba ba ta san da wannan sauyi ba, sai mai ita ya gyara awar da hannu ya bar yankin lokaci yadda yake. A ido daidai ne, a wajen uwar garke kuwa awa guda cur ta ɓace. Haɗa da ɗauke wuta da ƙaramin batirin CR2032 na cikin kwamfuta da ya mutu, sai ka ga na'ura ta farka a wata shekara daban. Sabunta Windows, ka zaɓi yankin Khartum, sannan ka buga w32tm /resync.

Na biyu DNS, tsarin da kwamfuta ke bi ta nemo uwar garke da sunanta. Wani zai sa 8.8.8.8 na Google don intanet ta yi sauri, bai san ya raba kwamfutar da uwar garkenta ba. Google ina ya san sunan uwar garken ofishinku? Kwamfutar da ta kasa samun uwar garke ba za ta kai ga SYSVOL ba, inda ake ajiye dokokin Group Policy, don haka foldar da doka ta saba ɗora wa ma'aikaci ba za ta fito ba.

Su kansu dokokin, waɗanda suka zo tare da Windows 2000, ba sa sauka nan take. Kwamfuta na neman sabbi duk minti 90, da ƙarin jinkirin da ba ya wuce minti 30. In ba ka da haƙuri, gpupdate /force. Shi kuma gpresult /r zai nuna maka dokar da ta hau da wadda aka tace.

Sai yanzu ake zuwa ga izini. Ƙofa biyu ce: izinin rabawa da izinin NTFS, kuma wanda ya fi tsanani shi ke cin nasara. Hani a fili yakan rinjayi dama. Wanda aka sa cikin sabon rukuni kuma, dole ya fita daga asusunsa ya sake shiga kafin foldar ta san da shi.