Ko Kun Sani? Ludayi Ba Sassaƙa Shi Ake Yi Ba

Ludayin da 'yar fura ke miƙo muku a Jibiya, kafin ku tsallaka zuwa Ɗan Issa kan hanyar Maraɗi, tsiro ne daga gona. Duma ne mai dogon wuya, ɗan'uwan ƙwarya da gora. In ya bushe, a tsaga shi biyu a tsaye, a kankare cikinsa, an sami ludayi biyu ke nan. Koshiya ce ake sassaƙawa da itace.

Can a garin Paterson na Amurka, gidan tarihin Lambert Castle yana adana cokula sama da 5,400 da wata mata, Bertha Schaefer Koempel, ta tara. Mu kuwa, ludayin roba yana ta korar namu na duma daga kasuwa, abin da ke damuna ƙwarai.