Gyaran Waya A Mokolo: Sana'a Ba Ta Cika Sai Da Amana

Duk wanda ya san unguwar Hausawa ta Briqueterie da ke Yawunde, babban birnin Kamaru, ya san cewa tela ba ya sakar wa yaronsa almakashi sai ya gamsu da riƙon amanarsa a kan yadin mutane. To, a yau matasanmu da dama sun rungumi gyaran wayar salula da kwamfuta a kasuwar Mokolo da ke kusa da unguwar, inda abin da ake damƙa masu ya fi shadda tsada, wato hotunan iyali, saƙonnin sirri da lambobin asusun kuɗi.

Wannan damuwa ta daɗe a duniya. A Amurka, ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a a shekarar 1992, ta kuma sabunta su a 2018, sannan hukumar ABET mai tantance kwasa-kwasan jami'o'i ta shardanta koyar da ɗalibai nauyin da ke wuyansu. A Nijeriya, dokar 1993 ce ta kafa majalisar CPN mai rajistar masu wannan sana'a. Ita kuwa Kamaru ta kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet ran 21 ga Disamba, 2010, ta kuma ƙara da dokar kare bayanan jama'a a Disambar 2024.

Sai dai doka tana hukunci ne bayan an yi ɓarna. Hasali ma, ɗalibin babbar makarantar fasaha ta Polytechnique zai iya cin karo da waɗannan dokoki a aji, amma yaron da ya koyi aiki a rumfar maigidansa fa? Ranar da ya tura hoton matar aure ga abokansa da sunan wasa, aure na iya mutuwa, shi kuma ya tsinci kansa a gaban alƙali.

Don haka muna kira ga iyayen gida masu rumfuna da su fara da darasi uku kafin su miƙa wa yaro sukundireba: kada ya buɗe abin da gyara bai shafa ba, kada ya kwafi komai, kuma ya goge bayanan tsohuwar waya kafin a sayar da ita. Malamanmu ma su riƙa tunatarwa a masallatai da makarantu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.