Daga Titin Misisipi Zuwa Gaɓar Lakwaja: Gidan Tarihin Bayi Yana Raya Bakin Ruwa?

Duk wanda ya taɓa zagaya Maitama da la'asar sakaliya, lokacin da masu gadi ke shimfiɗa dadduma a bakin manyan ƙofofin ƙarfe, zai lura cewa unguwar ba ta da kogi amma ta cika da sunayen koguna. Ga titin Nilu, ga na Zambezi inda hedikwatar hukumar zaɓe take, ga na Amazon, ga na Misisipi. Biyun na ƙarshe ruwaye ne da aka sauke 'yan Afirka a gaɓarsu da mari a ƙafa, aka kora su gonakin rake da auduga. Mai wucewa ba zai ga abin da zai tuna masa da wannan ba. Kai, birnin ma gaba ɗaya ba shi da babban gidan tarihi na ƙasa. Cibiyar al'adu da doguwar hasumiyar nan ta tsakiyar gari, da aka fara tun 2006, har yau ba a gama su ba.

Na fara da Maitama ne domin a falukanta ake dafa yawancin abin da ake sauke wa sauran ƙasa. A nan ministoci ke kwana, a nan jakadu da 'yan kwangila ke shan shayi. Akwai kuwa wani yayi da ya kama duniya shekara talatin ke nan, ya riga ya iso Kalaba da Badagiri, kuma ko ba jima ko ba daɗe wani zai shigo da shi Arewa a takarda mai sheƙi. Yayin shi ne a ɗauki tsohuwar tashar jiragen ruwa da ta mutu, a kafa gidan tarihin cinikin bayi a tsakiyarta, a kewaye shi da otal da kantuna da wurin shan iska, sai a ce an raya unguwa. Gara mu auna abin tun bai iso ba.

Matasanmu sun san Libaful da ƙwallo. Kafin ƙwallo, jiragen garin sun yi sawu kusan 5,000 zuwa gaɓar Afirka, suka kwashi mutane wajen miliyan ɗaya da rabi. Tashar Albert, mai manyan sito-sito na jan bulo, an buɗe ta a 1846, aka rufe ta a 1972, laka ta cika ta. Kwantena ce ta kashe ta, kamar yadda ta kashe takwarorinta ko'ina: manyan jiragen zamani suna son zurfin ruwa da fili da ƙugiyar ɗaga kaya, ba su da bukatar ɗan dako ko sito mai hawa biyar. Sai aka wayi gari da makeken fili a tsakiyar birni, yana kallon ruwa, babu mai amfani da shi. Duk dillalin filaye ya san ma'anar wannan. Aka gyara tashar a shekarun 1980, a 1994 aka ware wani sashe na gidan tarihin jiragen ruwa don labarin bayi, sannan a ranar 23 ga Agusta 2007, shekara 200 da Ingila ta haramta cinikin, aka buɗe cikakken gidan tarihin bauta.

To me ya sa bayi, ba wani abu ba? Kantin zamani da gidan abinci kowane gari yana da su. Abin da zai sa baƙo ya sayi tikitin jirgi shi ne abin da ba a samu sai a nan, kuma tarihi mai zafi ya fi mai sanyi kasuwa. UNESCO ta ƙaddamar da shirin bin sawun hanyar bayi a Wida ta Jamhuriyar Benin a 1994. Gana ta gwada a aikace a 2019, da ta gayyaci baƙaƙen fatar Amurka su dawo gida, otal-otal ɗin Akra suka cika maƙil a Disamba. Sai 2020, da masu zanga-zanga a Biristol suka tumɓuke gunkin ɗan fataucin bayi Edward Colston suka jefa shi ruwa. Daga nan kowane magajin gari ya gane cewa shiru ma yana da tsada. Ba na cewa babu tsarkin zuciya a ciki. Jikokin bayi da malaman tarihi sun shekara da shekaru suna neman wannan. Amma ba a saurare su ba sai da bukatarsu ta haɗu da ta masu filaye.

Amfanin a bayyane yake. Yaron makaranta a Libaful ya samu tsayawa gaban mari na gaske, ya ji daga ina dukiyar garinsa ta fito, abin da kakansa bai ji ba. Sito-siton da aka kusa rushewa suna nan tsaye. Sai dai kuɗin da ya shigo bai san iyaka ba. UNESCO ta sa bakin ruwan a jerin wuraren tarihi na duniya a 2004, ta cire shi a 2021, saboda sababbin gine-gine da filin ƙwallon Everton sun danne abin da aka ce za a adana.

Na Riyo ta Burazil ya fi ban takaici. Ana haƙa ƙasa a 2011 don gyaran unguwar tasha kafin wasannin Olamfik, sai aka ci karo da duwatsun mashigar Balongo, inda aka sauke 'yan Afirka kimanin 900,000. Kuɗi mai kauri ya tafi ga wani ƙasaitaccen gidan tarihin kimiyya da aka buɗe a 2015. Wurin da wasu iyali suka tono ƙasusuwan bayi a cikin gidansu tun 1996 kuwa, ya daɗe yana fama da kuɗin gudanarwa, talakawan tudun Purobidensiya kuma suna ganin ana shafa wa gidajensu alamar rusau. Mu mazauna Abuja ba sai an fassara mana wannan ba. Gbagyin tsohuwar Maitama zuwa Kubwa aka kwashe su, sunan ƙauyensu kaɗai aka riƙe.

A gida, Kalaba ce ta fara. Gwamna Donald Duke ya buɗe wurin shaƙatawa na Marina a bakin kogi a 2007, da gidan tarihin bayi a ciki, a shekarar kuma aka buɗe babbar kasuwar Tinapa. Gidan tarihin yana nan, 'yan makaranta na zuwa, bukin Disamba na kawo baƙi. Tinapa kuwa kantunanta suka zauna wayam, bashi ya danne ta, domin manyan jirage ba sa iya shigowa tashar Kalaba yadda ya kamata sai an yashe hanyar ruwan. A Badagiri, a 2009 aka yi ta shelar wani katafaren wurin shaƙatawa da tunawa da bayi na biliyoyin daloli, har da mawaƙi Marlon Jackson a ciki. Ba a gina shi ba. Abin da ya rage shi ne abin da ke nan tun da: ƙananan ɗakunan tarihi na iyalai, barikin Seriki Abass, da masu kwalekwale da ke ƙetarar da baƙi zuwa Giberefu.

Idan za a yi irin wannan a Arewa, wurin ɗaya ne, kusan kilomita 200 daga Maitama. Mafi yawanmu mun san Lakwaja ne a matsayin inda direba ke tsayawa a ci abinci, mata su kewaye mota da farantan busasshen kifi, a yi ciniki ta taga a wuce. Ƙalilan ne ke gangarawa bakin ruwa inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Can Dakta Baikie ya zauna tun wajen 1860, yana jin Hausa, yana fansar bayi, garin ya girma da su. Jirgin da ya fara kawo shi a 1854 kuɗin Macgregor Laird ne, ɗan gidan masu ƙera jirage na ƙetaren kogin Libaful, kuma kamfanin John Holt da ya daɗe yana dakon kaya a Kwara shi ma na Libaful ne. A Lakwaja Lugga ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900. Akwai wasu ƙarafa a harabar tsohuwar makarantar mishan waɗanda mutanen gari ke cewa duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya zama ɗa. Sarkin garin ma Maigari ake ce masa. Tarihi kam ba a rasa ba.

Abin da aka rasa shi ne ruwan da ke ɗauke da kaya. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, gyaɗa ta bi dogo zuwa Legas, daga baya tirela ta ƙarasa sauran. Marigayi 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro a Lakwaja a 2009, aka buɗe tashar Baro a 2019, amma har yau kayan Arewa a kan kwalta suke tafiya, ko da yake hedikwatar hukumar hanyoyin ruwa a Lakwajar take. Ga kuma ambaliya. A 2012 ruwa ya yanke hanyar Abuja, a 2022 ya sake, tankoki suka maƙale, mu a nan muka kwana a layin mai. Wanda zai zuba biliyoyi a gaɓar da ke nutsewa irin haka ba tare da ya fara da maganin ruwan ba, ya yi zuba a rariya. Darasin Kalaba ke nan: gidan tarihi yana ƙawata bakin ruwa mai rai, ba ya tayar da matacce.

Amma a ganina ba kuɗi ne babban cikas ba. Gidajen tarihin gaɓar teku suna da sauƙin kafawa domin mai laifin Bature ne, ya zo a jirgi ya tafi. Namu ba zai samu wannan sauƙin ba. Gaskiya ne an sayar da Hausawa zuwa ƙetare, su ne ma suka shirya boren Bahiya ta Burazil a 1807 da 1809 da 1814, kuma da bayin da suka gudo Bature Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas a 1863. Wannan ɓangaren muna son ji. Ɗaya ɓangaren shi ne Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta bayi kusan 5,000 ake fitarwa daga garin duk shekara, ban da waɗanda ake riƙewa a gida. Masanin tarihi Paul Lovejoy da abokin aikinsa sun sa adadin bayin daular Sakkwato wajen 1900 tsakanin miliyan ɗaya zuwa biyu da rabi. Ƙasar Gbagyi da kewayenta, wannan da muke zaune a kai, tana cikin inda mahaya suka riƙa kai hari daga Kwantagora da Zazzau. Dokar Lugga ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901 ne kawai, ba a soke bautar baki ɗaya ba sai 1936. Kakannin wasunmu sun ga wannan da idonsu.

Harshenmu bai manta ba, mu ne muka yi kamar mun manta. Rinji, gandu, murgu, bacucane, kuyanga, sa-ɗaka, duk suna nan. Je ka neman aure a wasu gidaje ka ga yadda ake aika tsohuwa ta binciko asali, a dawo a ce wa yaro Allah bai yi ba, alhali kowa ya san dalili. A Nijar sai da Hadijatou Mani ta kai ƙara kotun ECOWAS kan bautar da aka yi mata ta yi nasara a 2008. Labarin kuma ba baƙi da fari ba ne kawai, domin Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne a Kano amma hakimai na shakkar su, kuma murgu ya ba wasu hanyar fansar kansu. Gidan tarihin da ya isa sunansa zai faɗi duka biyun. Zai ba da labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka sace, ya bi Barth har Ingila, ya dawo ya rasu yana koyarwa a Kano a 1912. Tafawa Ɓalewa bai ji tsoron batun ba da ya rubuta Shaihu Umar, kuma an shekara da shekaru ana karanta shi a aji ba wanda ya mutu. Mutanen Salga ta Gwanja, inda kakanninmu fatake suka kai bayi suka ɗauko goro, sun gyara tsohuwar kasuwar bayinsu da rijiyoyinta suna nuna wa baƙi. A kasuwar Kurmi ta Kano kuwa sai ka yi sa'ar dattijo kafin a nuna maka gefen da ake tsayar da mutane.

Tsoron da ake ji ba na banza ba ne. A ƙasar da ake faɗan ƙabila da addini, wani zai ɗauki allon bango ya mayar da shi makami, wani gidan sarauta zai ga an ci zarafin kakansa. Sai dai labarin yana yawo ko da gidan tarihi ko babu, a bakin 'yan siyasa da shafukan Facebook, inda babu malamin da zai tace shi. Gara ya fito daga hannun masana na Zariya da Kano da Jos, tare da jikokin waɗanda aka kama da na waɗanda suka kama.

Hukuncina shi ne kada a kwaikwayi Libaful a Lakwaja. A gyara tsofaffin gine-ginen da ke nan kan tudu, inda ruwa ba ya kaiwa, a damƙa su ga hukumar gidajen tarihi da kuɗin gudanarwa na shekara-shekara, a rubuta bayanin da Hausa da Nufanci da Igbiranci kafin Turanci. A bar masu kifi da masu kwalekwale inda suke, da takardar mallaka a hannunsu tun kafin farashin fili ya motsa. Otal ya jira sai jirgin kaya ya dawo.

Kai kuma mai girma da takardar za ta iso teburinka a Maitama, kafin ka sa hannu ka tambayi mai kawo ta abu biyu: su wa za a tasa daga bakin ruwan, kuma a allon farko na gidan tarihin sunan wa za a rubuta a matsayin mai sayarwa.