Fita Daga Yarjejeniyar Wayar Salula Ba Tare Da Tara Ba: Darasi Daga Birtaniya

A ƙarshen watan Oktoba na 2025 kamfanin sadarwa na O2 da ke Birtaniya ya sanar da masu hulɗa da shi cewa ƙarin kuɗin da zai yi musu daga Afrilun 2026 zai kai fam 2.50 a kowane wata, maimakon fam 1.80 da aka shaida musu tun farko, sannan ya ba su kwana 30 su fice ba tare da biyan tara ba idan ba su amince ba. Hukumar Ofcom, mai sa ido kan harkokin sadarwa a ƙasar, ta nuna rashin jin daɗinta, sai dai jama'a da dama sun ɗauki labarin a baibai, suna zaton duk wanda ya fice an yafe masa komai, alhali kuɗin layi kawai aka sauke masa, bashin wayar da ya karɓa kuwa yana nan a wuyansa har sai ya biya.

A Birtaniya mutum kan ƙulla yarjejeniya da kamfani ta wata 12 ko 24, yana biyan wani adadi duk wata, kuma idan ya janye kafin wa'adi sai a caje shi kusan dukkan kuɗin watannin da suka rage. Ƙofofin fita kyauta ba su da yawa. Wanda ya ƙulla ta intanet ko ta waya yana da kwana 14 na sake tunani bisa dokar 2013, wanda kamfani ya sauya wa sharuɗɗa ta hanyar da ba a rubuta tun farko ba yana da wata guda, wanda wa'adinsa ya cika kuma babu abin da ya ɗaure shi. Tun daga Yulin 2019 saƙon tes mai ɗauke da INFO zuwa lamba 85075 ya isa ya nuna wa mutum abin da ake binsa, PAC zuwa 65075 kuma ya ba shi damar ƙaura da lambarsa.

Tushen rigimar ya girmi wannan sanarwa. Shekara da shekaru kamfanonin suna rubuta cewa farashi zai ƙaru kowane Afrilu gwargwadon hauhawar farashin kaya, a ɗora kashi 3.9 cikin ɗari a kai, wanda ya sa a 2023 ƙarin ya kai kashi 14.4 a wasu kamfanoni, 17.3 a wasu, ba tare da mai layi ya sami ikon fita ba tunda ya riga ya sa hannu. Sai a ranar 17 ga Janairun 2025 Ofcom ta wajabta a rubuta duk wani ƙari da fam da kwabo tun ranar ƙulla ciniki.

Abin takaici shi ne ana kallon wannan doka tamkar sabuwar hikimar Turai, alhali malaman Malikiyya sun daɗe da tsefe mas'alar a littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya da Damagaram. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, da Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, duk sun gina babin ciniki a kan sharaɗin cewa a san farashi a san abin sayarwa, domin ƙulla ciniki kan abin da ba a san adadinsa ba shi ne garari, wato jefa dukiya cikin rashin tabbas, kuma yana ɓata ciniki. Yarjejeniyar layin waya ta fi kusa da ijara, wato hayar amfani zuwa wani wa'adi, wadda ita ma ba ta inganta sai an san lada. Farashin da aka rataya a kan alƙaluman da ba wanda ya san su sai baɗi yana da wuya ya tsallake wannan sharaɗi.

Haka nan kwana 14 na sake tunani yana da ɗan'uwa a fiƙihu, wato hiyari, zaɓin da ake shardantawa domin mai saye ya gwada kaya ko ya yi shawara, wanda Malikiyya suka auna tsawonsa da irin kayan, kamar wata guda ga gida da kwana uku ga tufafi. Akwai zaɓin mayar da kaya saboda aibi, wanda ya yi daidai da halin mai biyan layin da ba ya kamawa a unguwarsu, akwai kuma iƙala, wato warware ciniki bisa yardar ɓangarorin biyu, wadda shari'a ta kwaɗaitar da mai sayarwa a kanta idan mai saye ya yi nadama. Ita kanta tarar saɓa yarjejeniya, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta tattauna ta a Riyad a 2000, ta halatta ta a matsayin diyyar cutarwar da ta auku a zahiri, ta kuma hana ɗora ta a kan jinkirin biyan bashi.

Mai karatu a Najeriya yana iya cewa abin bai shafe shi ba, tunda kati yake sawa, kuma tun Afrilun 2013 yana da damar ƙaura da lambarsa zuwa wani kamfani. Sai dai lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin sadarwa a Janairun 2025, ƙarin ya shafi dukkan kamfanonin, don haka ƙaurar ba ta tserar da kowa ba. Ga kuma sayen waya da kaɗan-kaɗan da ke yaɗuwa a kasuwanni, inda ake kulle wayar daga nesa da zarar an makara, mai saye kuwa sau da yawa ya dangwala hannu a takardar Turancin da ba a karanta masa ba.

Ya kamata NCC da hukumar kare masu saye ta FCCPC su tilasta a bayyana jimillar kuɗi da hukuncin janyewa a shafin farko, cikin harshen da mai saye yake ji, malamai kuma su fito da babin ciniki daga zaure zuwa mumbari. Mai saye shi ma kada ya sa hannu sai an faɗa masa nawa zai biya gaba ɗaya, da nawa zai biya idan ya fasa.