Dillancin Jigilar Kaya a Landan: Ina Sabon Shiga Zai Samu Masu Kaya?

Duk wanda ya taɓa zuwa tashar manyan motoci a Kano ko Maraɗi ya san ɗan kamasho. Ba shi da mota, ba shi da kaya, amma shi ke haɗa mai mota da mai kaya, ya karɓi la'adarsa. To, a nan birnin Landan ma akwai masu irin wannan sana'a, sai dai su da jiragen ruwa da na sama suke hulɗa. Tambayar da ke hana kowane sabon shiga barci ita ce: ta yaya ɗan kasuwa zai ɗauki dukiyarsa ya danƙa wa wanda bai sani ba?

Tarihin sana'ar kansa ya ba da rabin amsa. A shekarar 1744 akwai wani gidan shan gahawa a titin Threadneedle inda fatake da shugabannin jiragen ruwa kan haɗu, mai neman jirgi ya sami mai neman kaya. Daga wannan zama aka sami kasuwar da ake kira Baltic Exchange, wadda ta koma babban gininta na titin St Mary Axe a 1903. A can da baki ake ƙulla cinikin jirgi sukutum, takarda ta biyo baya, domin taken kasuwar shi ne, maganar mutum ita ce alkawarinsa. Bom ɗin 'yan IRA ya lalata ginin a 1992, a 2016 kuma kasuwar hannun jari ta Singafo ta sayi cibiyar. Yau ta waya da kwamfuta ake ciniki, amma ƙa'idar nan tana nan daram.

Dillalan iri biyu ne. Akwai mai samo wa attajiri jirgi guda don ɗaukar alkama ko siminti, wanda la'adarsa bisa al'ada kashi ɗaya da rubu'i ce cikin ɗari na kuɗin dako. Akwai kuma mai tattara kayan mutane da yawa ya cika kwantena, ya sayi gurbi a jirgi da sari, ya shirya takardun kwastan, ya ci ribar da ke tsakani. Yawancin sababbin shiga ta wannan ƙofa ta biyu suke farawa.

Abu na farko da masana sana'ar kan gaya wa sabon shiga shi ne ya zaɓi hanya guda ya laƙance ta. Wanda ya ce zai kai kome ko'ina, ba wanda zai saurare shi, gama manyan kamfanoni sun riga shi. Amma wanda ya san hanyar Tilbury zuwa Legas ko Kwatano ciki da bai, ya san takardun da ake bukata kafin kaya su tashi, ya san wakilin kirki da zai fid da su a can har su isa Kano ko Yamai, lalle yana da abin sayarwa. Abin da ya faru a 1975 ya isa misali. A shekarar nan jiragen ruwa fiye da 400, galibinsu ɗauke da siminti, suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas wata da watanni, kuɗin jira yana ta hauhawa kowace rana. Dillalin da ya iya gaya wa mai kaya gaskiyar halin da tasha ke ciki tun kafin a yi lodi, ya yi masa abin da rangwame ba zai yi masa ba.

Na biyu, sanin inda masu kayan suke. Hukumar haraji da kwastan ta Birtaniya tana wallafa sunayen kamfanonin da ke shigo da kaya da masu fitarwa, tare da irin kayan, kowa kuma yana iya dubawa. Akwai ƙungiyoyin 'yan kasuwa da bukukuwan baje koli. Sa'an nan ga 'yan Afirka ta Yamma mazauna unguwanni irin su Peckham, masu aika motoci da injuna da kayan gida. Kayansu ba su da yawa, amma bakinsu yana da nisa: wanda aka kai wa kayansa lafiya zai kawo ɗan'uwansa.

Na uku, shaida. Bahaushe ya san fatoma, mai masaukin da ke tsaya wa baƙon falke a cinikin goro da shanu. A nan ƙungiyoyi ne ke yin wannan aiki, kamar ƙungiyar masu jigilar kaya ta Birtaniya, watau BIFA, da cibiyar ƙwararrun dillalan jiragen ruwa da aka kafa a 1911. Mai kaya yakan tambayi rajista da inshora kafin ya tambayi farashi.

Sai dai akwai rami a gaba. Sau da yawa dillali ne ke biyan kamfanin jirgi kafin mai kaya ya biya shi, wani lokaci bayan wata guda ko fiye. Sabon shiga mai ɗokin samun ciniki yakan karya farashi, ya kuma ba da bashi ga wanda bai bincika ba, kwantena guda da aka ƙi biya kuwa ta isa ta rufe masa ofis. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka kamar yadda mai kaya ke auna dillali, haka ya kamata dillali ya auna mai kaya.

Da wuya babban kamfani ya ba sabon dillali dukan kayansa. Yakan jarraba shi da lodi guda, galibi wanda ya gagari dillalinsa na kullum. Idan kayan suka isa a kan kari, ko kuwa aka sami tangarɗa dillali ya bugo waya da kansa kafin a neme shi, to za a sake kiransa. Da irin wannan lodi ɗaya ɗaya ake tara masu kaya, a Landan ko a Kano.